Ranar da Aka Wanke Mu da Surukina a Cikin Jirgi

Ƙarya ɗaya na taɓa yi wa surukina, ita ma ba da niyya ba. Shekara tara ke nan, ranar da na fara zuwa gaishe shi ina neman 'yarsa. Na same shi a shagonsa na gyaran agogo, gilashi maƙale a ido ɗaya. Bangon shagon kuwa ba ka ganin fenti, saboda hotunan jiragen ƙasa da ya yayyanko daga jaridu da tsofaffin kalandu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ko ɗago ba. Shirun ya yi yawa, gumi ya fara karyo mini, sai kawai na ji bakina ya ce, "Baba, ashe ku ma kuna son jirgin ƙasa."

Wannan "ma" ɗin ita ta ja mini. Ya cire gilashin, ya dube ni sama da ƙasa, ya jawo mini kujera da ƙafarsa. Awa uku ina zaune yana ba ni tarihin kowane hoto, ni kuma ina gyaɗa kai. Bayan wata biyar aka ɗaura mana aure.

Gaskiyar magana, ni gyaran injin fotokwafi nake yi a ofisoshi, kuma a kan babur nake yawona. Shekarata goma sha ɗaya a babban birni, sau ɗaya na taɓa shiga tashar jirgi, shi ma ruwan sama ne ya koro ni. Amma duk lokacin da Baba ya kira waya, bayan ya tambayi jikokinsa sai ya ce, "Injiniya, yaya jiragen namu?" Ni kuma in ce, "Suna nan lafiya, Baba." A garinsu jirgin kaya ne kawai ke wucewa, sau biyu a mako, kuma ko yana tsakiyar aiki sai ya fita ya ƙirga taragai. Garin kuma da nisa, don haka ƙaryata ta zauna lafiya shekara da shekaru.

Sai ga shi likita ya turo shi birni a sake masa tabarau. Aikin asibitin bai wuce safiya ɗaya ba. Da la'asar ya shimfiɗa wata taswira a tsakiyar falonmu, ta sha ninki har an lilliƙe ta da salatif. Layuka biyar ne: ja, shuɗi, kore, rawaya da ruwan ƙasa. Tasha tamanin da huɗu, kuma ya haddace su kaf, a jere, gaba da baya.

"Gobe za mu hau su duka," in ji shi. "Na gaya wa mutanen majalisarmu, ni ba na bukatar ɗan jagora. Surukina ya san jiragen nan kamar aljihunsa."

Na ji an saki murfin tukunya a kicin. Na bi matata can, na same ta ta dafa bango tana dariya ba sauti, har da hawaye.

"Ki cece ni," na ce da ita ƙasa-ƙasa. "Ki ce ina da aiki."

"Gobe Asabar."

"Ki ce ba ni da lafiya."

"Ni na aike ka ka ce 'ma'?" Ta share ido da gefen mayafi. "Ka je kawai. In ya tambaye ka abu, ka yi fuskar masu ilimi, ka ce ya danganta. Haka kake yi wa masu ofis in injinsu ya gagare ka, ai na sha ji."

Ƙarfe bakwai na safe muna bakin tasha. Baba ya sha sabon tabarau, agogo ɗaya a kowane hannu, na uku a aljihun gaba. Ya miƙo mini wata tsohuwar jakar fata mai nauyin tsiya, wadda ya cika da filas ɗin shayi, burodi, dafaffen ƙwai, kayan aikinsa da ba ya rabuwa da su, da wasu tarkacen da ban gani ba. Na rataya ta a kafaɗa.

A ƙofar shiga ya ɗora katinsa a kan na'ura, ƙofar ta buɗe, ya wuce kamar a nan aka haife shi. Ni kuwa na tura nawa cikin wani ramin da ba na kati ba, na zaro, na juya shi, na goga shi a riga. Da ƙofar ta ga dama ta buɗe, na tsaya gyara jaka, ta rufe ta matse ni a ƙugu. Layi ya taru a bayana. Wani mai jakar ofis ya ce, "Malam, yau ka zo gari ne?"

Baba ya juyo ya ce masa, "Kai, ka san da wa kake magana? Gwada ƙarfin ƙofar yake yi."

Matakala mai tafiya da kanta ce kawai ta ba shi tsoro, don ita ba ta cikin taswira. Ya tsaya a bakinta yana miƙa ƙafa yana janyewa, kamar mai taɓa ruwan zafi. A ƙarshe ya kama hannuna gam, ya runtse ido, muka sauka tare. Muna isa ƙasa ya saki hannun, ya gyara hula, ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Da jirgin farko ya kunno kai daga cikin rami, iska ta riga shi isowa ta kaɗa mana riguna. Na dubi Baba. Bakinsa a buɗe, idanunsa sun ciko. Dattijo mai shekara saba'in da ɗaya, ya ɗaga hannu yana gaida jirgi. Sai kuma ya dubi agogon dama, ya dubi na hagu, ya zaro na aljihu, ya ce, "Ya makara da daƙiƙa arba'in." Ya rubuta a ɗan littafinsa.

Layin ja muka fara bi, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Baba bai zauna ba. Yana kiran sunan kowace tasha kafin lasifika ta faɗa, har wata mata mai goyo ta daina sauraron lasifikar ta koma kallon bakinsa. Can ya juyo.

"Injiniya, wannan kukan da yake yi in zai tsaya, na birki ne ko na injin?"

Na haɗe gira, na dubi rufi. "Ya danganta, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya rubuta. Na leƙa littafin, na ga ya sa: "Ya danganta." Har da ja masa layi.

Kafin azahar na faɗi kalmar nan ta fi sau goma. Wutar jirgin daga sama take zuwa ko daga ƙasa? Ya danganta. Tarago nawa dandamalin nan zai ɗauka? Ya danganta. A layin shuɗi wani tsoho ya tambayi hanyar babban asibiti, Baba ya nuna ni da alfahari. Na dubi taswirar da ke jikin bango, na zaɓi layin da launinsa ya fi yi mini kyau, na tura bawan Allah can. Baba ya riƙo rigar tsohon, ya gaya masa ainihin hanyar, sannan ya ce, "Gwada ni yake yi, ya ga ko na yi karatu."

A layin shuɗin ne kuma ya fara jin ƙarar. Ya ɗaga yatsa, ya karkata kai. "Ka ji?"

Na saurara. Can ƙasa-ƙasa, cikin rugugin jirgi, akwai wani abu yana kas, kas, kas.

"Ƙafar jirgi ce," in ji shi. "Ta cinye ta gefe ɗaya. Kunnen mai agogo ba ya ƙarya." Ya rubuta lambar taragon da lokaci.

Muka sauya zuwa layin kore, wanda ke fitowa sarari ya bi ta saman gidaje. Ina ganin shanyar mutane da tankunan ruwa, har da wani yana aski a kan bene. Ba mu yi tasha biyu ba sai ga ta: kas, kas, kas. Muka koma wani taragon, tana nan. Muka sauka muka jira wani jirgin, shi ma haka. Fuskar Baba ta canza. Ko ƙwan da na ɓare masa a kan bencin tasha rabi ya ci.

"Jirgi bakwai, Injiniya, duk ciwo ɗaya. Rayukan mutane ne fa. Kai da kake nan kullum, ba ka taɓa kai ƙara ba?"

"Ina shirin kaiwa, Baba."

Wajen ƙarfe uku muna layin rawaya, a taragon ƙarshe. Mutane suna ta raguwa har ya zama daga ni sai shi. Baba ya ce yanzu ne zai gane ko wace ƙafa ce. Ya miƙo mini hularsa, ya tattare riga, ya durƙusa tsakanin kujeru ya kafa kunne a ƙasa. Surukinka yana durƙushe, kai ba ka tsaya a kansa ƙiƙam ba. Na durƙusa ni ma, jaka a kafaɗa.

Jirgin ya tsaya, ƙofofi suka buɗe. Lasifika ta ce nan ne ƙarshen tafiya, kowa ya sauka, jirgin nan ba zai ƙara ɗaukar fasinja ba.

"Baba," na ce, "kamar an ce…"

"Shhh!"

"Baba, cewa aka yi…"

Ya ɗaga mini hannu bai ko dube ni ba. A shekara tara ban taɓa katse shi ba, ban kuma san ta inda ake farawa ba. Na hango hular wani ma'aikaci ta wuce ta taga. Ya leƙo, bai ga kowa a kujera ba, ya yi gaba. Ƙofofi suka rufe, rabin fitilun suka mutu, jirgin ya ja a hankali ya saki babban layi, ya bi wani siririn da ya ratsa ta bayan katanga.

"Ta dawo!" in ji Baba daga ƙasa. "Ta wajenka take!"

Ni ba ta ƙara nake ba. Ta taga ina ganin layukan dogo birjik, da jirage a jere ba kowa a ciki. Sai muka shiga wani dogon ɗaki mai duhu. Ban ankara ba ruwa ya bugi tagogi ta ko'ina da wani irin ƙarfi, kumfa ta rufe gilashi, wasu manya-manyan abubuwa masu gashi suka taso ta dama da hagu suna dukan jirgin. Na yi salati da ƙarfi. A raina na gama yanke cewa mun faɗa kogi, ko kuwa nan ne inda ake niƙe tsofaffin jirage. Na tuna 'ya'yana. Na tuna ban taɓa gaya wa matata inda na ajiye takardun babur ba. Hawaye suka zubo mini, na ce ba zan mutu da ƙarya a baki ba.

"Baba, ku yafe mini! Ban san komai a kan jirgi ba!"

Ya riga ya miƙe, ya manna fuska a gilashi. "Me ka ce?"

"Na ce ban san komai ba!"

"Ɗaga murya!"

Na cika ƙirji da iska. Daidai lokacin rugugin ya ɗauke ɗif, muryata ta cika taragon: "Ni ba na son jirgin ƙasa! Ban taɓa so ba!"

Ruwa na ɗiga daga rufi. Jirgin ya fito cikin rana yana ƙyalli.

Baba ya juyo, fuskarsa kamar an yi masa albishir. "Wanka aka yi masa," ya ce. "Wankan jirgi, Injiniya! A mujalla kawai na taɓa gani. Mutum nawa ne a duniya aka wanke su a ciki?" Ya karɓi hularsa ya sa. "Wancan zancen kuma, ai na sani."

"Kun sani?"

"Tun ranar farko. Ka nuna hoton kan jirgi ka tambaye ni ina sitiyarin yake."

Na goge fuska da hannun riga. "To, me ya sa kuka ba ni ita?"

"Na ga yaro ya zauna awa uku yana sauraron abin da bai dame shi ba, ko hamma bai yi ba. Na ce wannan zai iya zama da 'yata. Ta fi ni surutu."

"Yau kuma fa? Me ya sa kuka taho da ni?"

"Jakar nan nauyi gare ta."

Sai ga ƙofar tsakanin taragai ta buɗe. Wata mata ce sanye da rigar aiki mai ɗaukar ido, makullai a hannu. Ita ce direbar. Ta yi turus, ta dube mu, ta dubi ƙasan kujeru ko akwai saura.

"Ku kuma daga ina?"

Baba ya gaishe ta da girmamawa irin wadda ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya ce tsayawar da ta yi a tasha ta goma sha biyu ko ruwa a kofi ba zai motsa ba. Sannan ya ce yana da rahoto na gaggawa. Ta rasa ko faɗa za ta yi ko godiya, ta kira babban makanikin garejin jiragen a rediyo.

Babban makaniki ya hawo yana haki, ƙato ne mai tsumma a kafaɗa. Ya fara da faɗa: wurin nan ba a shigowa, akwai wuta, akwai doka. Baba ya bar shi ya gama, ya buɗe masa littafi. Shafi shida, lambar kowane tarago, lokaci har da daƙiƙa. Mutumin ya daina faɗa, ya fara karantawa da gaske.

"Jirgi takwas?" ya ce. "Yaya ƙarar take?"

"Kas, kas, kas," in ji Baba.

Kafaɗata ta gaji, na sauya wa jakar gefe. Kas, kas, kas.

Jirgin a tsaye yake cik. Duk muka dubi juna. Makanikin ya miƙo hannu, na ba shi jakar. Ya girgiza ta. Kas, kas. Ya zuge ta, ya lalubo can ƙasa, ya zaro wani kofin ƙarfe da ƙaramin cokalin shayi a ciki.

Direbar ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Makanikin ya yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma dariyar ta ƙwace masa har ya zauna a kujera. Baba kuwa ya miƙa hannu. Ya karɓi littafinsa, ya zaro biro, ya soke shafukan nan ɗaya bayan ɗaya. Kunnuwansa kamar sun ƙanƙance. Duk wahalar da ya ba ni tun safe, sai na ji da ma ƙafafun jiragen ne suka lalace.

Aka tafi da mu ofis mu rubuta bayanin yadda muka shigo. Ɗan ɗaki ne mai warin man inji, da tebur ɗaya da hulunan kwano a rataye. Aka ba ni takarda, ina rubutu, Baba na zaune a gefe. Can na ga yana satar kallon bango. Wani babban agogo ne mai kewayen katako, ya tsaya a kan tara saura kwata.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Shekara biyu," in ji makanikin. "Tun daga tsohuwar tasha aka kawo shi. An ce ba mai iya gyara irinsa yanzu."

"Sauko da shi."

Ya shimfiɗa hankici a kan tebur, ya jera kayan aikinsa, ya maƙala gilashi a ido. Ya buɗe bayan agogon ya duƙufa. Makanikai suka fara taruwa a bakin ƙofa, masu gyaran jirgi guda, suna leƙen wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Minti ashirin da biyar, ya hura, ya ɗiga mai, ya taɓa wani abu da tsinke. Agogo ya ce tik, tik, tik. Ɗakin ya ɗauki tafi. Babban makaniki ya karɓi takardar da nake rubutawa, ya duƙunƙune ta ya jefa a kwando.

Daga nan Baba ya zama baƙon gareji. Aka sa mana hulunan kwano, aka sauka da mu ramin da ake duba cikin jirgi, ya shafa ƙafar jirgi da tafin hannunsa ya ce lafiyarta lau. Direbar ta bar shi ya zauna a kujerarta, ta nuna masa abin da ake turawa gaba a tafi, a ja baya a tsaya. Na leƙa ni ma, ba don komai ba. Babu sitiyarin.

Jirgin da zai fita aikin yamma shi ya mai da mu tasha. Muka sami kujera a layin da zai kai mu gida, rana ta yi sanyi, taragon cike da masu dawowa daga kasuwa. Baba ya buɗe baki zai kira sunan tasha ta gaba, sai na ji nauyi a kafaɗata. Ya yi barci, tabarau ya zamo kan hanci, har da ɗan minshari.

Tasharmu ta zo. Na ce, "Baba," a hankali. Ko gezau. Na ɗaga hannu zan taɓa shi, na kasa. Ƙofa ta rufe. Bayan tasha shida wayata ta yi ƙara, matata ce.

"Kuna ina? Abinci ya huce."

"Mun wuce gida," na ce cikin raɗa. "Barci yake a kafaɗata."

"To ka tashe shi mana!"

"Ke ki zo ki tashe shi, ai mahaifinki ne."

Ina jin dariyarta har ta kashe wayar.

Sai da muka kai ƙarshen layi ya farka da kansa. Wannan karon, lasifika na fara magana na miƙe na riƙe ƙofa. Muka fito, ya gyara tabarau, ya dubi sunan tashar, ya dubi inda ya jiƙa mini kafaɗa.

"Ba barci nake ba," ya ce. "Saurare nake."

"Haka ne, Baba."

Muka tsallaka ɗaya dandamalin muka zauna jiran jirgin komawa. Ya dubi layin dogo, ya yi gyaran murya.

"Zancen cokalin nan, ba sai an kai shi gida ba."

"Wane cokali, Baba?"

Ya gyaɗa kai. "Ni ma ban ga wanda ya yi kuka ba."